Alhakin Magini a Kan Tubalin Aro

A kamfanonin da ke gina manhajar banki ko asibiti ko hukumar gwamnati, ranar kafa maƙera ba ta cikin ranakun da ake ɗauka da nauyi. Maƙera a nan ita ce kwamfutar mai rubuta manhaja da duk kayan da ya harhaɗa a cikinta domin ya riƙa rubutu yana gwadawa, kafin aikin ya fita kasuwa, wato ya hau manyan na'urorin da jama'a za su riƙa shiga. Idan da harshen Java za a yi ginin, kuma aka zaɓi ƙwarangwal ɗin Spring Boot, sai mutum ya sanya Java ɗin kansa, aƙalla siga ta 17 idan Spring Boot na 3 ne. Ya sanya Maven, ɗan aiken da ke zuwa rumbu ya ɗauko kaya. Ya buɗe wani ɗan fayil mai suna pom.xml ya rubuta sunayen abubuwa huɗu ko biyar da yake bukata, ɗaya na karɓar saƙonnin intanet, ɗaya na magana da rumbun bayanai, ɗaya na tsaro. Da ya danna, allo ya cika da sunaye suna gudu. Biyar ya nema, gommai suka sauko, domin kowanne yana da abin da ya jingina da shi, wancan ma yana da nasa. Bayan 'yan mintoci Tomcat, mai karɓar saƙonnin intanet, ta tashi a ƙofa ta 8080, shafi ya buɗe, sai a ce shiri ya kammala, gobe a fara aiki.

A ganina aikin ya riga ya fara, kuma a 'yan mintocin nan aka ɗauki mafi nauyin alkawarin da ke cikinsa. Mutum ya karɓi rubutun ɗaruruwan mutanen da bai taɓa gani ba, layuka masu yawan da ba zai iya karantawa ba ko da ya bar kowane aiki, da niyyar ɗora dukiyar mutane da sirrinsu a kai: ajiyar ɗan kasuwa, sakamakon gwajin jinin mara lafiya, lambar BVN da ta NIN. Idan ɗaya daga cikin tubalan nan ya zube ya danne mutane, shin magini yana da alhaki, ko kuwa ya isa ya ce ba shi ya buga tubalin ba? Amsata ita ce yana da alhaki, amma ba irin wanda ake zato da farko ba, kuma fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da ware irin wannan alhaki daga sauran.

Ya kamata a fara gane mene ne ƙwarangwal. Sauran kayan aro kai kake kiran su idan ka ga dama. Ƙwarangwal kuwa shi yake kiran ka. Ya riga ya yanke ta inda saƙo zai shigo, wa zai tare shi, yadda za a tantance mai shigowa, da abin da zai faru idan ciniki ya katse a tsakiya, an cire kuɗi daga wannan asusu ba a kai ga zuba su a wancan ba. Naka shi ne cike guraben da ya bari. Spring ya samo asali daga wani littafi da Rod Johnson ya fitar a 2002, inda ya nuna cewa tsarin Java na manyan kamfanoni na wancan lokaci ya yi nauyi fiye da kima. Cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a 2004, Spring Boot kuma a 2014, da manufar rage wa magini yawan zaɓi, ta yadda idan bai ce komai ba, ƙwarangwal zai zaɓa masa. Malaman usulu suna da suna ga karɓar hukuncin wani ba tare da sanin hujjarsa ba, suna ce masa taƙlidi, kuma mafi yawansu sun halatta shi, har sun wajabta shi, ga wanda bai kai matsayin ijtihadi ba. Dalilinsu ya dace da wannan fage. Mai rubuta manhajar da ya ce shi ba zai bi kowa ba, zai ƙirƙiro nasa tsarin ɓoye kalmar sirri da nasa tsarin tantance masu shiga, ya fi mai aro jefa mutane cikin haɗari nesa ba kusa ba, domin abin da dubban idanu suka shekara ashirin suna gyarawa ya fi abin da ido biyu suka haɗa cikin wata uku. Don haka aron kansa ba laifi ba ne. Sau da yawa ma shi ne tsantseni.

Daga nan ne hujja ta farko ta masu kare magini ke tasowa, kuma tana da ƙarfi. Sukan ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba, kuma babu mahalukin da zai iya karanta duk abin da Maven ta sauko da shi, saboda haka ba za a kama mutum da abin da ya fi ƙarfinsa ba. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, har ya fi yadda masu faɗinta suke tsammani. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna a laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing, wadda aka buga a 1984, cewa ko da mutum ya karanta kowane layi na manhaja bai tsira ba, domin tafintan da ke juya rubutun mutum zuwa yaren na'ura ana iya koya masa ya cusa ɓarna a ɓoye, ya kuma cusa wannan halin a cikin duk sabon tafintan da aka gina da shi, ba tare da wata alama ta rage a rubuce ba. Ke nan karatu ba ya kawar da bukatar yarda, matsar da ita kawai yake yi zuwa wani wuri. Amma abin da wannan ya tabbatar shi ne cewa wajibin magini ba karanta komai ba ne. Bai tabbatar da cewa ba shi da wajibi ba. Malaman da suka halatta taƙlidi ba su ce mutum ya tsaya a bakin hanya ya bi fatawar duk wanda ya fara wucewa ba. Sun ɗora masa ya nemi wanda aka sani da ilimi da riƙon amana. An sauke masa nauyin sanin hujja, an bar masa nauyin sanin wa yake bi.

Wannan nauyi na biyu shi ne wanda masana hadisi suka mayar da shi ilimi mai zaman kansa. An ruwaito daga Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa da can ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara neman a ambaci sunayen mazajen da suka ɗauko magana. Mai karɓar hadisi bai ga Annabi (SAW) ba, ba shi kuma da hanyar komawa ya gani. Abin da yake iyawa shi ne ya san wa ya gaya wa wa, ya san halin kowannensu, ya ajiye ruwayar wanda ba a san shi ba har sai an san shi. Jerin tubalan da ke ƙarƙashin manhaja isnadi ne a zahirinsa, kuma Maven tana da umarni guda da ke zayyano shi reshe-reshe, daga abin da ka nema har zuwa kakan kakan abin da ya biyo shi. Labarin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'urar Linux, ya nuna abin da majhuli, wato wanda ba a san shi ba, ke iya yi a irin wannan silsila. Wani da ke kiran kansa Jia Tan, wanda ba a san shi da komai ba sai wannan suna, ya shafe sama da shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu amfani, har mai kula da manhajar, mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa, ya ba shi ikon fitar da sababbin sigogi. A farkon 2024 ya dasa ƙofar baya a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Aikinsa na baya a zahiri mai kyau ne, kuma da ma don haka aka yi shi. Sanin isnadi a maƙera yana nufin abubuwa ƙanana masu gajiyarwa: a rubuta lambar sigar kowane tubali a fili maimakon a ce a ɗauko duk wadda ta fi sabunta, a ajiye jerin abin da aka ɗauko, a duba ko akwai masu kula da shi da rai ko an yi watsi da shi, a kuma ƙi ƙara tubalin da ba a bukata.

Wanda yake ganin waɗannan ƙananan abubuwa ba su kai a kira su amana ba, ya dubi abin da ya sami Equifax, kamfanin Amurka da ke tattara tarihin bashin mutane. Ɗaya daga cikin shafukansa an gina shi a kan Apache Struts, ƙwarangwal na Java irin wanda muke magana a kai. A farkon Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a Struts da ke bai wa na waje damar gudanar da umarninsa a kan na'urar kamfani, aka kuma fitar da faci a lokacin. Masu kutse sun shiga Equifax a tsakiyar Mayu, suka zauna har ƙarshen Yuli, kwana 76, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Wata biyu ke nan tsakanin fitowar faci da shigar ɓarayi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kamfanin ya sami labari, ya aika da sanarwa a cikin gida cewa a yi facin, ya kuma gudanar da binciken na'ura don gano inda tsohuwar sigar take, binciken bai gano ta ba. Gida ne da bai san duk ɗakunan da ya zuba tubalin aro ba. Masu Struts sun yi kuskure, sun gyara, sun yi shela. Mutanen da aka kwashe wa bayanai kuwa yawancinsu ba su taɓa zaɓar yin hulɗa da Equifax ba, bankuna da masu ba da bashi ne suka miƙa sunayensu. A 2019 kamfanin ya amince da biyan aƙalla dala miliyan 575, amma lambar shaidar ɗan ƙasa da ranar haihuwa ba abubuwa ne da ake sauya wa mutum bayan an sace su ba.

Hujja ta biyu tana mayar da laifin baya, zuwa ga masu buga tubali. Su suka rubuta, su suka yi kuskure, me ya sa ba za a kama su ba? A Disamba na 2021, lokacin da aka gano ɓarakar Log4j, wata manhajar rubuta bayanan abin da ke gudana, an ga manyan kamfanoni suna matsa wa 'yan tsirarun masu aikin sa kai da ke kula da ita, alhali da yawa daga cikin kamfanonin ba su ma san suna amfani da ita ba, domin a bayan wani tubali ta shigo musu. Lasisin Apache da irin waɗannan manhajoji ke fita da shi ya bayyana cewa ana ba da su ne yadda suke, babu lamuni. Wasu suna ganin wannan zillewa ce. Ni ina ganin gaskiya ce aka faɗa tun farko. Fiƙihu ya bambanta ciniki da kyauta: mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibi domin ya biya, amma wanda aka yi wa kyauta ba ya komawa ya ci tarar mai kyauta. Idan wanda aka bai wa kyautar ya ɗauke ta ya saka a cikin abin da zai sayar wa wani, to tsakaninsa da mai sayen ciniki ne, kuma lamunin ya tsaya a kansa. Bankin da ya biya kuɗin manhaja bai ƙulla komai da wani mai aikin sa kai a wata nahiya ba. Da kamfanin da ya karɓi kuɗinsa ya ƙulla.

A nan ne mazhabar Malikiyya take da wata mas'ala da ta fi kowace kusa da batunmu, wato lamunin masu sana'a. Asalin ƙa'ida ita ce wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma aka toge mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar tela da marini da maƙeri, idan ya tafi da kayan mutum inda mai kayan ba ya gani. Shi wannan, idan shadda ta ƙone ko ta ɓace a wurinsa, zai biya, sai in ya kawo shaidun cewa ba da hannunsa ko sakacinsa abin ya faru ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa daga Kano har Damagaram, ta kawo wannan hukunci, Imam Shaɗibi kuma ya sanya shi cikin misalan hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a. Hikimar a fili take. Mutane ba za su iya rayuwa babu masu sana'a ba, kuma ba za su iya tsayawa a kansu suna kallo ba. Wanda ya kai yadinsa marinar Ƙofar Mata ba zai kwana a bakin karofi ba. Idan aka ce maganar marini kawai za a karɓa duk sanda ya ce kaya sun lalace, an buɗe ƙofar sakaci, kuma mai rauni ne zai riƙa ɗaukar asara. Sai aka ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda yake gani, aka sauke shi daga kan wanda ba ya gani. Ban san wata sana'a da ake yin ta nesa da idon mai kaya kamar ginin manhaja ba. Mai shadda aƙalla zai ɗaga ta a rana ya ga ko rini ya kama. Mai asusun banki ko an ɗora masa pom.xml a tafin hannu ba zai san abin da yake kallo ba. Fatawa aikin malamai ce, amma illar da aka gina wancan hukunci a kanta tana nan a wannan sana'a, har ta ninka.

Za a ce, to ai mai rubuta manhaja yawanci ma'aikaci ne, ba shi ke yanke ranar miƙa aiki ba, ba shi ke ware kuɗin gyara ba, kuma idan ya ce a dakata a sabunta tubala ana iya ce masa babu lokaci. Wannan gaskiya ne, kuma fiƙihun bai manta da shi ba: yaron shagon mai sana'a ba ya biya, maigidan shago ke biya. Saboda haka lamunin dukiya yana kan kamfani, kuma daidai ne dokoki irin dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 su fuskanci kamfanoni da hukumomi. Sai dai kuɓuta daga biya daban, kuɓuta daga alhaki daban. Yaron tela da ya ga dutsen guga ya yi zafi fiye da kima ya yi shiru, alƙali ba zai sa shi biya ba, amma ya san abin da ya gani. Abin da ke kan ma'aikaci shi ne abin da ke hannunsa: ya faɗa, ya faɗa a rubuce, kada ya ce an gwada abin da ba a gwada ba, kada kuma ya ɓoye tsufan tubali don kada a ce ya jinkirta aiki. Idan ya yi haka aka ƙi ji, nauyin ya koma kan wanda ya ƙi.

Hujjar da ta fi yaɗuwa a bakin masu sana'ar ita ce mafi rauni, wato cewa maƙera wurin gwaji ce, babu abin gaske a cikinta, idan aka zo fita kasuwa za a gyara komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sigar da aka zaɓa a ranar farko ita ake ginawa a kai shekara da shekaru, kuma kullum sauya ta ƙara tsada yake yi. Ban da haka, katangar da ke tsakanin maƙera da kasuwa ba ta kai kaurin da ake zato ba. A Spring Boot akwai wani saiti da ke sa manhaja ta gina teburan rumbun bayanai idan ta tashi, ta rushe su idan ta tsaya. A maƙera rahama ne, domin kullum da sabon allo ake farawa. Idan aka yi kuskuren layi ɗaya ya nuna rumbun gaske, ajiyar mutane ce za ta tafi. Akwai al'adar kwafo bayanan abokan hulɗa na gaske zuwa kwamfutar ma'aikaci don gwaji ya yi kama da gaske, kwamfutar da ake shiga mota da ita, ake mantawa da ita a wurin taro. Akwai rubuta mabuɗan shiga a cikin fayil don sauƙi, da niyyar cirewa daga baya. A 2016 masu kutse sun tsinci irin waɗannan mabuɗai a ma'ajiyar rubutun injiniyoyin Uber da ke GitHub, suka kai ga bayanan mutum miliyan 57. A lamarin kamfanin manhaja na SolarWinds da ya fito fili a ƙarshen 2020, wurin haɗa manhajar aka shiga, sai kamfanin da kansa ya sa hannu a kan gurɓatacciyar siga ya aika, abokan hulɗa kusan 18,000 suka sauke ta. Ko bambancin siga kaɗai ya isa. Ɓarakar da aka gano a Spring a ƙarshen Maris na 2022 tana aiki ne a kan Java ta 9 zuwa sama, saboda haka wanda maƙerarsa ke kan Java ta 8 alhali kasuwarsa na kan ta 11, abin da ya gwada daban, abin da ya miƙa wa mutane daban. Shaidar da ya bayar cewa ya gwada ta zama shaida a kan abin da bai gani ba.

Saura abu ɗaya da dole a amince da shi. Akwai ɓarnar da babu tsantsenin da zai tare ta, kuma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa sannan ta same shi, ba adalci ba ne a haɗa shi da wanda ya bar faci wata biyu a ajiye. Wannan shi ya sa hukuncin masu sana'a ya bar ƙofar kawo shaida a buɗe. Amma shaida ba a ƙirƙirar ta bayan gobara. Jerin tubala da sigoginsu, tarihin ranar da aka sabunta kowanne, fayil ɗin da ke sa maƙerar kowane ma'aikaci ta zama iri ɗaya da kasuwa, ko da manhajar Docker aka yi ko da wani abu, su ne shaidun wannan sana'a, kuma a ranar kafa maƙera ake fara tara su ko a rasa su. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata uku ba zai iya ɗaukar rundunar tsaro ba, amma waɗannan ba kuɗi suke ci ba, haƙuri suke ci.

Ita kanta ƙofar bayan xz, wadda aka tsara ta da ƙwarewar da ta wuce idon masu dubawa, a maƙera aka kama ta. Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, yana gwaje-gwajen sauri ne a kan sigar Debian ta gwaji, sai ya lura cewa manhajar shiga na'ura daga nesa tana cin ƙarfin kwamfuta fiye da yadda ya dace, kuma shigar tana jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa. Ba aikinsa ba ne, ba tubalinsa ba ne, babu wanda zai tambaye shi da ya ɗauke kai. Ya bi silsilar reshe bayan reshe har ya isa xz, ya sanar a ranar 29 ga Maris na 2024, kafin gurɓatacciyar sigar ta shiga tabbatattun fitowar Debian da Red Hat da manyan na'urorin bankuna da asibitoci ke gudana a kansu.